Makullin Rumfar Malbini

Ana saura kwana uku Babbar Salla, Basiratu ta je karɓar makullin rumfar shanya fata, ta tarar an yi wa rumfar kwalliya kamar za a kai ta gidan miji. An shafe ginshiƙanta da farin fenti, an nome ciyawar damina da ta kewaye ta, an kwance wayoyin shanya an naɗe su an jefa a kusurwa. Inda ya kamata fatu su rataya, kujerun lekol, wato makarantar boko, aka jera sahu shida. A bangon gabas ga hoton wani Bature mai sanƙo da ƙaton hanci, an zagaye shi da furen roba.

Ƙanen mahaifinta, Alhaji Saminu, shugaban kwamitin tarbar baƙi na Gao Bakwai, yana tsaye a ƙofa yana juya makullin a yatsa.

"Baba Alhaji, wa ya kwance wayoyin?"

"Lekol ɗin da kinka yi ba a koyar da gaisuwa?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida da gona da ƙafarsa mai ciwo, sannan ta miƙe ta maimaita tambayarta.

"Ni na sa anka kwance su," in ji shi. "Jikar Malbini za ta taso tun daga Italiya, ta iske wurin kakanta shina wari, ƙudaje na bin ta? Ba a gabana ba."

Basiratu ta dubi wayoyin da ke kusurwa. Ita ce ma'aikaciyar kiwo ta garin, ita ce ta rubuta wasiƙa huɗu zuwa masana'antar jima ta gidan Malbini kafin a ba ta amsa. Amsar kuwa ba ta da tsawo. Kiyara Malbini, jikar mutumin da ke cikin hoton, wadda yanzu take riƙe da masana'antar, za ta zo kwana goma bayan Salla. Tana son ganin fatun awaki da tumaki ɗari biyu, waɗanda aka feɗe ba yankan wuƙa, aka busar a inuwa. In sun yi mata, masana'antar za ta koma sayen fatar Gao Bakwai kamar yadda take yi shekara talatin da suka wuce. In ba su yi ba, ta sha ruwa ta koma. Samari ashirin da uku Basiratu ta tara a ƙungiya kan wannan magana, kuma sun gaya mata a fili: in an yanke gero ba a ga komai ba, za su hau kamyo, babbar motar kaya, su nufi haƙar zinariya ko Libiya, kamar kowace shekara. Fata ɗari biyu kuwa ba ta taruwa a garin nan sai rana guda, ranar layya.

"Fata ta ce za ta gani, Baba Alhaji. Ba ta ce kujeru ba."

"To ku rataya abinku ƙarƙashin itatuwan gao. Ba ga su nan har bakwai ba?"

"Gao da damina? Ka nuna mini ganye guda a kansu in ba ka goro."

Masu shafa fenti suka yi dariya. Da ta tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma Basiratu ba ta iya tsayawa inda ya kamata ba, tun tana ƙarama.

"Shekara talatin kuna gadin hoto!" ta ce, muryarta har bakin kasuwa. "Mutum ya bar muku sana'a, kun maishe ta wurin biki. Ɗiyanku na mutuwa cikin hamada, ku kuna nan kuna sayen furen roba!"

Dariyar ta ɗauke. Ɗaya daga cikin masu fentin, wanda ɗansa ya tafi shekara uku ba labari, ya ajiye buroshinsa a hankali. Alhaji Saminu ya dube ta. Ya saka makullin a aljihun riga, ya shafa aljihun, ya juya mata baya.

Malbini iri biyu ne. Akwai na bakin mutanen Gao Bakwai: Bature mai kyauta, wanda ya zo bayan babbar yunwa yana raba suga da barguna, wanda kujerar mulki ta ƙasarsa ta biyo shi har gida saboda alherinsa. Akwai kuma wanda Basiratu ta karanta a ɗan littafin tarihin masana'antar da Kiyara ta aiko mata. Wannan Oreste Malbini ɗan lebura ne. Yana da shekara goma sha biyu ya shiga ramin jiƙa fata, ruwan toka ya cinye masa farce, bai sake tsirowa daidai ba har ya mutu. Bayan yaƙin Turai ya fara nasa da ganga uku a bayan gidan surukinsa. Kafin ya yi furfura mutum ɗari huɗu ke aiki a ƙarƙashinsa, fatar safar hannu da ta jaka suke yi. Ya gina wa ma'aikata gidaje, ya kuma kori duk wanda ya makara sau uku, ko da ɗan'uwansa ne. Aka zaɓe shi shugaban garinsu, daga baya aka zaɓe shi depite, ɗan majalisar ƙasa. A majalisa ya tsaya kan dokar da za ta hana majemai zuba ruwan guba a kogin garinsu, ya fara da rufe rabin masana'antarsa na wata takwas don gina matatar ruwa. 'Yan'uwansa masu masana'antu ba su yafe masa ba. Zaɓe na gaba suka kayar da shi. Dokar ta zauna, shi ya koma gida.

Babu suga a littafin, babu barguna. Abin da ke ciki mutum ne mai faɗa, wanda ba ya barin abu yadda ya same shi. Shi ne mutumin da garin nan ya zagaye da furen roba.

Da la'asar ta sami mahaifinta a tsakar gida yana tufka igiya. Hamani ya haura saba'in, idonsa ya yi hazo, amma shi ne ya yi wa Malbini aikin zaɓen fata shekara takwas, kuma har yau in ya taɓa fata da yatsa ya san abin da dabbar ta ci. Kafin ta buɗe baki, Tahiru mahauci, ɗan gwaggonta kuma taubashinta, ya shigo yana tafa hannu.

"Kawu, ka ji abin da baiwata ta yi? Ta tahi roƙon makulli da gatari."

"Rufe mini baki, mai warin tumbi."

"Warin tumbin nan shi za shi ciyar da ke. Yanzu gidan Alhaji da gidajen surukansa duk sun ce ba mu taɓa musu rago. Rabin gari ke nan. Sannu da aiki, madam."

Hamani bai daina tufka ba. "Kin zagi ƙanena gaban mutane?"

"Gaskiya na faɗi, Baba."

"Ban tambaye ki gaskiya ba."

Ta sunkuyar da kai. Ya bar ta a haka har ya kai ƙarshen igiyar ya ɗaure.

"Wagga magana tana nan, za ki biya ta," ya ce. "Yanzu fata. Mi take so? Inuwa, iska, kada ta taɓa ƙasa, kada ruwa shi taɓa ta. Ɗaki ba iska. Zaure akuya na shiga. Ina wurin da ke sama da ƙasa, da hula a kai, iska na ratsa shi ta ko'ina, kuma ba komai cikinsa wanga wata?"

Tahiru ne ya fara ganewa. Dariyar ta bar fuskarsa. "Kawu, ba dai rumbu ba."

"Rumbu."

Wanda bai san ƙasarmu ta Kurfai ba zai ce mene ne abin tsoro a nan. Rumbunan garin na zana ne, a kan duwatsu, da hular ciyawa da ake ɗagewa. A watan da gero ya fitar da kai bai nuna ba, babu rumbun da ke da ko dami guda, ban da na mutum biyu ko uku. Kowa ya san haka, kuma ba mai faɗi. Rumbun magidanci sirrinsa ne. Matarsa ba ta leƙawa, ɗansa ba ya hawa sai an aike shi. Mutum ya gwammace ya saye tiya a kasuwar Filinge ya shigo da ita a ɓoye cikin buhun taki, da a ce an ga ƙasan rumbunsa. A ce wa magidanci ya buɗe rumbu samari su shiga su ɗaura igiya, daidai yake da a ce masa ya tsaya a kasuwa ya yi shelar cewa abincinsa ya ƙare tun watan jiya.

"Ba mai yarda," in ji Tahiru.

"Shi ya sa muke inda muke," in ji Basiratu. "Yunwar kowa ya sani, amma a ɓoye ta ya fi mana a kashe ta."

"Ke dai yi shiru," in ji Hamani. "Bakinki ya yi aikinsa na yau."

Washegari bayan sallar la'asar, lokacin da maza ke fitowa daga masallaci, Hamani ya sa Tahiru ya jingina tsani a rumbunsa da ke bakin hanya. Ya hau da kansa, ya ture hular. Sannan ya juyo ya yi magana da ƙarfi kamar mai kiran salla.

"Jama'a, ku zo ku gani! Rumbun Hamani. Ɓera ma ya yi ƙaura. Wanda ke da shakka shi hau shi duba."

Ba wanda ya motsa. Basiratu tana tsaye a bakin darni, kunya ta rufe ta har ta ji kamar ƙasa ta tsage. Ita ce mai cewa a daina ɓoye-ɓoye, amma ba ta taɓa zaton abin zai yi zafi haka ba in mahaifinta ne a kan tsanin.

Sai wata murya daga bayan mata: "Nawa ma haka shike. Tun azumi." Gwaggo Habsa ce, uwar Tahiru, wadda mijinta ya rasu ya bar mata rumbu biyu. "Ku zo ku ɗaura igiyarku. Ko ba komai warin fata ya kori gara."

Wani ya yi dariya. Wani dattijo ya ce shi nasa akwai saura kaɗan, amma zai iya matsar da shi gefe, aka yi masa ihu, "Saura mi? Ƙaiƙayi?" Mutumin nan da ya ajiye buroshi jiya ya zo ya wuce ta gaban Basiratu bai dube ta ba, ya ce wa Hamani a zo a duba nasa. Kafin magariba rumbu goma sha tara aka buɗe. Ba rabin gari ba ne, amma sun isa.

Ranar Salla, ana saukowa daga idi, samarin ƙungiyar, Tahiru na jagorantarsu, suka rabu uku-uku suka bi gidaje. Hamani ya kwana biyu yana koya musu: wuƙa aikinta tsaga ciki da ƙafafu kawai, daga nan a ajiye ta. Sauran da dunƙulen hannu ake yi, a cusa tsakanin fata da nama a riƙa turawa tun jikin na da ɗumi. Ya fi jinkiri, kuma ranar layya ba mai son jinkiri. An riga an haƙa ramukan wuta, an fere itatuwan da za a gicciya a tsire ragunan, mata na jiran kayan ciki.

"Kai Tahiru, rago kake feɗewa ko tausa kake yi mishi?" in ji wani maigida.

"Baba, shekara guda kana kiwonsa. Ka ba ni minti goma."

"Ubanka da wuƙa shike yi, fat-fat ya gama."

"Shi ya sa fatunsa sunka ƙare a gugan rijiya."

Basiratu na biye da su da baro. Kowace fata a wanke jini, a kankare kitse, a kai rumbu a rataya bisa igiya, gefen nama a waje, a mayar da hula. Da azahar hayaƙin gashi ya rufe gari, hannuwanta sun kumbura, mayafinta na Salla ya tashi daga aiki. Da ta bi ta gaban rumfar Malbini sai ta ga Alhaji Saminu ma bai zauna ba. Ya tara fatun ɓangarensa, fiye da ɗari, ya sa an shimfiɗa su a kan yashi a filin rumfar, an ja kowace an kafe gefunanta da tsinke, sahu-sahu, a tsakiyar rana. Sun miƙe sumul, gwanin kyau.

Ta buɗe baki. Rana tana busar da bayan fata ta ƙulle danshi a ciki, cikin ya ruɓe ba a gani, sai an kai majema an jiƙa sannan ta yi ɓawo ta huje. Ta san wannan kamar sunanta. Ta dubi bayan Alhaji Saminu, ta tuna yadda ya shafa aljihu. Duk abin da ta faɗa yanzu zagi zai ji. Ta rufe bakinta ta tura baronta, tana jin haushin kanta fiye da nasa, don fatun nan ɗari da bakinta ta kashe su tun ranar farko.

Kwana goman nan ba su zo da sauƙi ba. Kowace safiya sai ta bi rumbu goma sha tara ta sa a juya fatu. Rana ta huɗu aka yi ruwa da iska, hular rumbun wani ta tashi, fata goma sha ɗaya suka jiƙe suka yi wari aka binne su. Matan wani gida suka ce tuwonsu ya fara ɗanɗanon akuya. Fatun da suka bushe kuma ba su da kyan gani ko kaɗan: sun lanƙwashe, sun yi tauri kamar busasshen ganyen kabewa. Tahiru ya ɗaga ɗaya ya dube ta.

"Wagga za mu nuna wa Baturiya? Na Alhaji kamar an yi musu guga."

"Ka je ka auri na Alhaji."

"Ni dai na riga na tambayi kuɗin mota zuwa Agadas. In gaya miki gaskiya."

Ta san ba wasa yake ba.

Kiyara ta iso da hantsi, motar sojoji ɗaya a gaba ɗaya a baya. Shugaban rakiyar ya ce awa uku suke da ita, don dole su wuce Filinge su kama hanyar Yamai da rana. Mace ce gajera mai kimanin shekara arba'in da biyar, da takalmin aiki, da hancin nan na cikin hoto. Aka zaunar da ita a sahun gaba. Aka yi kiɗa, aka yi addu'a, aka ba ta fura a sabuwar ƙwarya. Alhaji Saminu ya tashi jawabi, Basiratu na juya mata da Faransanci. Ya faɗi suga, ya faɗi barguna, ya faɗi yadda Italiya duka ta roƙi Malbini ya mulke ta. Basiratu na fassarawa tana duban agogo. Awa ɗaya da rabi ta tafi.

Kiyara ta ɗaga kai tana duban bangon rumfar, inda ƙusoshin wayoyi suke a jere ba komai a kansu. Da aka tafa wa Alhaji, ta miƙe ta yi godiya a taƙaice, ta ce, "Ina fatun?"

Alhaji Saminu ya kai ta inda aka tara nasa, an jera su bisa tabarmi. Ta durƙusa, ta ɗauki ɗaya, ta kai hanci ta shinshina. Tsofaffin da ke wurin suka ɗauki salati. "Malbini ya dawo! Wallahi haka shike yi!" Ta naɗe fatar biyu, ta ji ta yi ƙara. Ta ja gashin da yatsa biyu, ya biyo hannunta. Ta ɗaga ta saitin rana, ga layukan wuƙa kamar an yi rubutu. Ta duba ta biyu, ta biyar, ta goma. Sannan ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa ta yi magana da Faransanci, ba ta rage murya ba. Ta ce waɗannan shara ne. Ta ce wanda ya shanya fata a rana alhali ga rumfa a bayansa cike da kujeru, bai san abin da kakanta ya gina ba, kuma da yana raye da ya jefar da kujerun waje da hannunsa.

Jama'a suka juyo ga Basiratu. Ga maganar da ta yi kwana goma sha uku tana son a faɗa, an ba ta ita a hannu, da bakin baƙuwa, a gaban gari duka. Alhaji Saminu na tsaye da babbar rigarsa ta Salla, hannunsa a kan aljihu.

"Ta ce dabbobin na ƙwarai ne, an iya kiwo," in ji Basiratu. "Ta ce rana ta yi musu yawa, ba za su yi aikinta ba. Tana tambaya ko akwai waɗanda anka busar a inuwa."

Aka ɗunguma zuwa ƙofar gidan Hamani, inda samari suka sauke abin da ke cikin rumbuna. Kiyara ta tsaya ta dubi rumbun, ta zagaya shi, ta cusa yatsa a zanar ta ji iska, ta yi wata 'yar dariya. Hamani na zaune a tabarma. Bai jira ta ba. Ya riƙa jawo fata ɗaya-ɗaya, ya bi ta da tafin hannu daga wuya zuwa wutsiya, ya jefa dama ko hagu. "Wagga ƙaya ta karce ta. Wagga Tahiru ya yi sauri, ga bakin wuƙa. Wagga ta yi." Kiyara ta zauna a ƙasa kusa da shi tana bin na daman da hanci da yatsa. Sau biyu kawai ta mayar da abin da ya zaɓa. Sau ɗaya ta ɗauko wata daga hagu, ya karɓe ya kama yatsanta ya ɗora a wani wuri kusa da kafaɗa, ta taɓa, ta mayar da ita hagun da kanta.

Ɗari da sittin da uku suka tsaya a dama. Basiratu ta sake ƙirgawa. Ba su kai ba.

Kiyara ta tambayi sunan tsohon. Da aka faɗa mata, ta buɗe jakarta ta fito da wani tsohon littafin aljihu mai baƙin bango, ta yi ta juya shafi. Ta ce na kakanta ne, na shekarar da ya fara zuwa nan, bayan ya faɗi zaɓe yana yawon neman fata don kada zaman gida ya kashe shi. Ta karanta, Basiratu na juyawa da Hausa, a wannan karon kalma bayan kalma:

"Na ga wata tsohuwa tana feɗe akuya da dunƙulen hannu don ta yi salkar ruwa. Babu yanka ko ɗaya. Ta rataya ta a inuwar ɗaki. Ban taɓa ganin fata mai tsabta haka ba a duk tafiyata. Ɗanta, Hamani, ya ce kowace mace a nan ta iya, amma ba a yi wa fatar sayarwa haka, don ba mai biyan wahalar. Zan biya. Zan gina musu inuwa babba. Ba abin da zan koya musu."

Hamani ya share ido da gefen rawani. "Inna ce," ya ce. "Ya tsaya kanta har ta ce a kori Anasaran nan shina tare mata haske."

Gwaggo Habsa ta buga cinya. "To! Ashe abin uwarmu ne munka rataya wa hoto!"

Shugaban rakiya ya nuna agogo. Kiyara ta miƙe. Ta ce ɗari biyu ta nema, ba ta samu ba, kuma ba ta saba canza magana ba. Amma waɗannan ɗari da sittin da ukun za ta tafi da su yau. In suka fito daga jima yadda take zato, tana son ɗari biyar kafin ƙarshen sanyi, masu irin wannan kyau, ba ta karɓar ko ɗaya ta rana. Sannan ta nuna gonakin da suka kewaye gari, gero ya sunkuya ya fara ja.

"Nan da sati uku rumbunan nan za su cika. A ina za ku shanya?"

Basiratu ta fassara tambayar yadda take. Ba ta dubi kowa ba. Ba wanda ya amsa, har motocin suka tashi.

Da yamma ta sami Alhaji Saminu a cikin rumfar shi kaɗai, zaune a kujerar sahun gaba. Ta cire takalmi ta durƙusa.

"Baba Alhaji, na yi maka rashin kunya gaban mutane. Ka yafe mini."

"Maganar kin janye ta?"

"Yadda na faɗe ta na janye."

Ya yi wani sauti ta hanci, tsakanin tsaki da dariya. "Ɗiyar Hamani ke nan." Ya dubi hoton. "Shekara goma sha biyu ina fatauci a Kwatano, kin sani? Faransancina ba na lekol ba ne, amma na san kalmar shara. Na ji abin da ta ce. Na ji abin da kinka ce ta ce."

Basiratu ba ta ɗago ba.

"Randa ya gina wurin ga ni na ɗauko mishi duwatsun tushe a kai. Da ya daina zuwa, anka fara sace kwanon rufi, ni na sa ƙofa na sa makulli. Shekara talatin ba a ɗauki ƙusa guda ba." Ya zaro makullin ya riƙe shi a tafin hannu. "Ba ke zan ba wa ba. Bakinki bai huce ba tukuna. Kai wa Yaya. Ki ce mishi kujerun nan na lekol ne, an kusa komawa karatu, a maida musu abinsu."

Da safe samari suka yi ta fitar da kujeru a kai, biyu-biyu. Tahiru na bisa tsani yana warware waya, yana ƙorafin tsatsa.

"Ba ka tahi Agadas ba?" in ji Basiratu.

"In tahi in bar ki da fata ɗari biyar? Ki feɗe su da baki?"

Hamani na bin bango da hannu yana lalubar ƙusoshi, yana faɗin inda kowace waya take bi. Da ya kai bangon gabas hannunsa ya ci karo da furen roba. Ya laluba ƙarƙashin hoton.

"Wa ya rataya shi nan? Wagga ƙusa ta waya ta huɗu ce."

Aka sauke Malbini aka kai shi ginshiƙin bakin ƙofa, inda zai riƙa ganin duk fatar da ta shigo. Furen kuwa Gwaggo Habsa ta tafi da shi, ta ce zai yi kyau a ɗakinta. Kafin azahar waya ta huɗu ta miƙe daga bango zuwa bango, kuma Alhaji Saminu, da ya ce wucewa kawai yake yi, yana tsaye a tsakiyar rumfar yana faɗa wa Tahiru cewa bai ja ta da kyau ba.